Zama a Gindin Dutsen Wuta

 

Yau ranar murna ce, saboda haka wataƙila wani zai yi mamaki in ya ji maganarmu a kan tsoro ce. Amma mun sani a kowane babban taro a kan sami wanda ya ke dariya tare da jama'a da rana, in dare ya yi kuwa barci ya ƙi zuwa masa. Wani mugun abu ya same shi a shekarun baya. Abin ya wuce, masu jaje sun watse tuni, amma har yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba. Domin irin wannan mutum mu ke magana yau, da kuma waɗanda su ke zaune gida ɗaya da shi. Za mu ba ku labarin wani tsibiri mai nisa, inda mutanen ƙasa guda suka sha wannan abu tare, mu ga yadda suka yi da shi.

TSIBIRIN DA DUTSENSA

Sunan tsibirin Montserrat. Yana cikin tekun Karebiyan, can ƙetaren babban teku, wajen ƙasashen Amurka. Ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa wajen kilomita 16, faɗinsa wajen kilomita 11, ruwa kuwa ya kewaye shi ta kowane gefe. Yana ƙarƙashin Ingila har wa yau. Yawancin mutanensa baƙar fata ne, gama daga Afirka aka kwashe kakanninsu a zamanin cinikin bayi, aka kai su noman rake. Kafin shekara ta 1995 mutum wajen 11,000 ne su ke zaune a ciki. Babban garinsu Plymouth, a bakin teku. Can ne kasuwa ta ke, da asibiti, da tashar jiragen ruwa, da ofisoshin gwamnati.

A kudancin tsibirin akwai wani dutse, ana ce da shi Soufrière. Sunan nan daga Faransanci ya fito, watau wurin farar wuta, gama warinta ya kan fito daga cikinsa. Dutse ne mai aman wuta, kamar yadda Dutsen Kamaru ya yi a 1999 da 2000. Amma tun da aka fara rubuta labarin tsibirin, fiye da shekara 300, ba wanda ya ga ya yi amai. Ƙasar gindinsa ta fi ta ko'ina albarka, manoma suka yi gonakinsu da ƙauyukansu a jikinsa. Plymouth ma 'yan kilomita kaɗan ne tsakaninta da shi. A 1987 waɗansu masana biyu suka rubuta wa hukuma cewa garin yana cikin haɗari in dutsen ya tashi, amma ba a yi aiki da maganarsu ba.

MASIFA A KAN MASIFA

Masifa ta fari ba daga dutsen ta fito ba. Ran 17 ga Satumba 1989 wata babbar guguwa mai suna Hugo ta taso daga teku, ta bi ta kan tsibirin. Cikin gida goma, tara sun sami ɓarna. Mutane suka ɗaura ɗamara, suka yi kusan shekara shida suna gini. Suna cikin gamawa ke nan, ran 18 ga Yuli 1995, sai dutsen ya fara ruri, yana fitar da tururi da toka. Ran Litinin 21 ga Agusta da safe toka ta rufe Plymouth, gari ya yi duhu kamar tsakar dare. Aka kwashe mutane zuwa arewa, bayan wajen mako biyu suka komo. A watan Disamba aka sake kwashe su, suka sake komowa. A watan Afrilu 1996 aka kwashe su karo na uku, daga nan ba a ƙara yarda su zauna a gidajensu ba.

Ya kamata mu gane halin wannan dutse, gama halinsa shi ne tushen tsoron. Narkakken dutsen da ya ke fitowa daga Dutsen Kamaru ruwa-ruwa ne kamar kunu, ya kan malalo a hankali, mutum ya gan shi ya kauce. Na Soufrière mai kauri ne kamar tuwo. Ba ya malala, sai ya taru a bakin dutsen, ya yi ta tsawo wata da watanni. In ya yi nauyi sai gefe guda ya ɓalle, ya farfashe, ya zama guguwar toka da iska da duwatsu masu zafi. Ta kan gangara ta kwazazzabai da gudun da ya wuce kilomita 100 a sa'a guda, zafinta kuwa ya ninka na tafasasshen ruwa sau da dama. Ba mai tsere mata da ƙafa. In ta wuce kuma, sai tulin ya fara taruwa sabo.

Ran Laraba 25 ga Yuni 1997, wajen ƙarfe ɗaya na rana, irin wannan guguwa ta gangaro ta gefen arewa, ta bi ta kan ƙauyuka, mutum 19 suka mutu. A ran nan aka rufe filin jirgin sama. A watan Agusta wuta ta ci Plymouth, daga baya taɓon da ruwan sama ya ke kwasowa daga dutsen ya binne ta, a waɗansu wurare har bisa rufin ɗaki. Kashi biyu cikin uku na mutanen suka bar tsibirin, waɗansu zuwa Antigua maƙwabciyarsu, da yawa zuwa Ingila. Waɗanda suka rage suka matsu a arewa. Aka mai da makarantu da majami'u masauki, iyali kusa da iyali, ba sirri, waɗansu har shekaru. Asibiti ma cikin wata makaranta aka kai shi.

Dutsen ya yi ta yi yana hutawa har kusan shekara 15. Babbar ruguzawa ta ƙarshe ran 11 ga Fabrairu 2010 ce. Tun daga nan bai fitar da sabon narkakken dutse ba. Amma yana fitar da hayaƙin farar wuta, masu awo kuma sun ga ƙasar tana kumbura kaɗan kaɗan, alamar akwai abin da ke taruwa a ƙarƙashi. Saboda haka masana ba su ce ya mutu ba. Yau mutanen tsibirin ba su kai 5,000 ba, fiye da rabin ƙasarsu kuwa an hana zama a cikinta.

TSORO YA SHIGO GIDA

Hausawa sun ce, tsoro na daji, kunya ta gida. Amma bayan irin wannan masifa tsoro ya kan baro daji, ya shigo gida, ya nemi wuri ya zauna.

Ku ɗauka ga wata mace wadda ta ke Plymouth ran da toka ta rufe rana. Yanzu tana zaune cikin sabon gida a arewa, inda guguwar dutsen ba ta kaiwa. Shekara talatin sun wuce. Amma a yi tsawa da dare, sai ta farka gabanta yana faɗuwa, tafin hannunta ya jiƙe da gumi. Iska ta juyo da warin farar wuta, sai abinci ya fita ranta. Babbar mota ta wuce ta girgiza taga, sai ta ga kanta a tsaye ba ta san sa'ad da ta tashi ba. Ta san tsawa ce, ta san mota ce. Sanin nan bai hana jikinta rawa ba.

Ga yadda likitoci suka bayyana abin. Akwai wani ɗan sashe cikin ƙwaƙwalwar mutum wanda aikinsa gadi ne. In ya hangi haɗari ba ya jiran shawara. Nan da nan ya kan sa a zuba wani sinadari cikin jini daga bisa ƙoda, zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, jiki ya ɗaure, domin mutum ya iya gudu. Wannan abu ne mai kyau, shi ya kan ceci mutum ran haɗari. Amma mai gadin nan ya kan riƙe kome da kome na ranar masifa, ƙara da wari da launin sama. In ya sake gamuwa da mai kama da su, sai ya buga ƙararrawa, ko da ba kome. Kakanninmu sun riga sun lura da wannan, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ga yawancin mutane abin ya kan ragu cikin 'yan makonni ko watanni. Ga waɗansu kuwa ya kan daɗe. Su kan yi mugun mafarki, da saurin firgita, da saurin fushi. Su kan ƙi zuwa duk inda zai tuna musu. Wani lokaci su ji kamar abin yana faruwa yanzu-yanzu. Yara su kan koma fitsarin kwance, su manne wa uwa. Tun 1980 likitoci a Amurka suka sa wannan cikin littafinsu na cututtuka, suka ba shi suna, yanzu kuwa an san shi a duniya duka. Watau ba ragwanci ba ne, ba kuwa sammu ba ne. Rauni ne wanda ido ba ya gani.

A tsibiri abin ya fi nauyi, saboda dalili uku. Na ɗaya, ba wurin gudu. Mutumin tudu in gari ya ɓaci ya kan ɗauki sandarsa ya yi gaba. A Montserrat kuwa, daga 1997 har 2005 ba filin jirgin sama, sai jirgin ruwa ko jirgi mai saukar ungulu, in teku ta tashi kuma jirgin ruwa ba ya fita. Na biyu, abin tsoron yana gabanka kullum. In ka hau tudu ga shi can yana hayaƙi, ga kangon garinka a gindinsa. Na uku, kowa ya san kowa. Mutum 19 a babban birni lissafi ne a jarida, amma a ƙaramin tsibiri kawun wane ne, surukar wance ce. Ga kuma lokacin guguwar teku yana komowa kowace shekara, daga Yuni zuwa Nuwamba.

RAMI BIYU

Wanda ya ke ɗauke da irin wannan tsoro yana tafiya tsakanin rami biyu.

Rami na fari shi ne mutum ya bar tsoro ya zama maigida. Ba ya barci, yana ta kasa kunne. Ba ya dasa itace, gama ya ce ba zai ci 'ya'yansa ba. Ba ya gyara ɗaki, kayansa kullum a ɗaure. Yara kuwa suna duban fuskarsa, su gaji tsoron abin da ba su gani ba. Wani ya kan nemi barci wurin giya. Giya ta kan kwantar da mutum da wuri, sa'an nan ta tashe shi da tsakar dare, damuwar ta fi ta da.

Rami na biyu shi ne mutum ya kori tsoro gaba ɗaya. Ya gaji da gargaɗi, ya gaji da gudu, ya ce abin da zai faru ya faru. Mutum 19 ɗin nan a cikin yankin da aka hana shiga su ke. Amma kada mu yi saurin ganin laifinsu. Da yawansu manoma ne. Gonakinsu suna can, dabbobinsu suna can, a arewa ba su da ƙasa, zaman masauki kuwa ya ishi mutane. Fiye da shekara guda suna ganin guguwar yawanci tana bin kwazazzabon gabas zuwa teku, har suka ga kamar sun san hanyarta. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma mai hankali ma sabo ya kan ɗaure shi. Kotun da ta binciki mutuwarsu ta ce rashin ba manoma wata ƙasar noma yana cikin abin da ya jawo mutuwar waɗansunsu. Ku lura da wannan, ku dattawa: in mutum ba shi da hanyar abinci da wurin kwana na mutunci, gargaɗi kaɗai ba ya tsare shi.

To, ga zancen a taƙaice. Tsoro mai gadi ne. Ba a korar mai gadi, gama ɓarawo bai mutu ba. Ba a kuwa ba shi turakar maigida. Wurinsa zaure ne. Aikin wanda masifa ta taɓa shi ne ya mai da tsoro zaure, aikin nan kuwa ba ya yiwuwa ga mutum shi kaɗai. Bari mu ga yadda mutanen Montserrat suka yi.

ABU HUƊU DA SUKA YI

Na fari, suka sa masu tsaro. Tun 1995 aka kafa ma'aikatar lura da dutsen. An dasa na'urori a jikinsa, waɗansu suna jin motsin ƙasa, waɗansu suna auna kumburinta, waɗansu suna auna hayaƙi. Kowane mako ma'aikatar ta kan fitar da labarin halin dutsen, a ji shi a rediyon tsibirin. An kuma kafa jiniya a ƙauyuka. Ku duba amfanin wannan ga macen da muka ambata. Da, ita ce mai gadin dutsen, kunnenta ne na'urarta, shi ya sa ba ta barci. Yanzu akwai waɗanda aikinsu ke nan. In tsawa ta tashe ta, tana iya ce wa kanta, akwai masu dubawa, ba a kuwa busa jiniya ba. Masanan ba su yi alkawarin sanin rana da sa'a ba. Abin da suka sani su kan faɗa, su faɗi iyakarsa kuma. Inda ba labari na gaskiya, jita-jita ce ta kan zama abincin tsoro, yana cinta yana ƙiba.

Na biyu, suka ja iyaka. An zana taswirar tsibirin, an raba ta yanki yanki. An sa matakin haɗari daga 1 zuwa 5, kowane mataki da yankunan da za a rufe in an kai shi. An sa ƙofofi a kan hanyoyi. Kowa ya sani in an yi ruwa mai ƙarfi ba a ƙetare kwarin Belham, gama taɓo ya kan gangaro ta nan. Da haka mutum ya san inda haɗari ya fara da inda ya ƙare. Tsoron da ya rufe ko'ina ba ya ɗaukuwa, amma wanda aka yi wa iyaka a kan iya tafiya da shi. Haka kuma cikin gida. A haɗa takardu da magani da tocila da ɗan rediyo cikin jaka guda, iyali su san inda za su taru in an rabu. In an gama, a rataye jakar, a bar ta. Wanda ya yi shiri ba ya bukatar ya sake yinsa cikin zuciyarsa kowane dare.

Na uku, suka koma aiki. An gina sababbin gidaje a Lookout da Davy Hill. An kai ofisoshin gwamnati Brades. An buɗe sabon filin jirgin sama a 2005. Yashin da dutsen ya zubo ana ɗebo shi, ana sayar wa tsibiran maƙwabta domin gini. A 2013 aka haƙa rijiyoyi masu zurfi ƙwarai domin neman tururin da za a iya yin lantarki da shi. Wannan ba zancen arziki kaɗai ba ne. Jikin da ya firgita ba ya jin lallashi da baki, daga aikin yau da gobe ya kan koyi kwanciya. A ci abinci a kan lokaci, a kwanta a kan lokaci, yara su tafi makaranta, a yi shuka a jira girbi. Kowace ranar da ta wuce lafiya tana gaya wa mai gadin nan cewa yau ba ran masifa ba ce. Ba ya yarda da wuri, amma a hankali ya kan yarda.

Na huɗu, ba su rufe ido ba. Mutane su kan hau tudun Garibaldi su hangi kangon Plymouth. Da izinin hukuma da ja-gora a kan shiga cikinsa. Ana koya wa 'yan makaranta halin dutsen da labarinsa, ana kuma tunawa da waɗanda suka mutu. Likitoci sun tabbatar gudun abin tunawa ya kan ba mutum sauƙi na ɗan lokaci, amma yana ƙara wa tsoro ƙarfi. Kusantarsa kaɗan kaɗan, a lokacin da mutum ya zaɓa, tare da wanda ya amince da shi, ya kan rage shi. Sai dai ba a tilasta wa kowa. Ba a jan mutum da ƙarfi zuwa bakin abin da ya ke tsoro, ba a kuwa matsa masa ya ba da labari tun bai shirya ba.

Kada mu ruɗe ku, mu ce kowa ya warke. Akwai tsofaffi da suka mutu cikin sanyin Ingila ba su sake ganin gonarsu ba. Akwai iyalan da suka rabu, wannan a Antigua, wancan a Landan. Akwai waɗanda har yau tsawa ta kan tashe su. Amma ana aure a tsibirin, ana haihuwa, ana noma, ana wasa a filin makaranta, dutsen kuwa yana nan a kudu bai gusa ba.

GARE MU

Mu ba a tsibiri mu ke ba, amma wannan rauni ba baƙo ne gare mu ba. A 2020 kogin Kwara ya ci unguwanni a Yamai. A watan Satumba 2024 madatsar Alau ta fashe da dare, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Wanda ruwa ya tashe shi da tsakar dare, ya ɗauki yara bisa kafaɗa cikin duhu, ba ya ƙara duban hadari kamar da. Manomi yana murna da baƙin girgije, shi kuwa gabansa faɗuwa ya ke yi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai wata magana da a kan ji a cikinmu masu bi, ya kamata mu gyara ta. A kan ce wa mai firgita, bangaskiyarka ce ta yi ƙaranci, da ka dogara da ba ka ji tsoro ba. 'Yan'uwa, maganan nan kaya ce a bisa kaya. Mutum ya zo da tsoro, mun sallame shi da tsoro da kunya kuma. Daga nan sai ya yi shiru, ya daina faɗa, ciwon ya koma ciki. Wanda ya karye a ƙafa ba mu ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza. Mu kan yi masa addu'a, mu kai shi wurin mai ɗori. Haka ya kamata mu yi da wannan.

In akwai irin wannan mutum a gidanku, ga abin da za ku yi. Kada ku ce masa ya manta, gama da yana iyawa da ya manta tuni. Kada ku yi masa dariya in ya zabura, kada ku bar yara su tsorata shi don wasa. In yana so ya ba da labari, ku zauna ku ji, ko da karo na goma ne. In ba ya so, ku zauna tare da shi kawai, ku kira shi wurin aiki da wurin ci. Ku duba bukatarsa ta zahiri, rufin ɗaki, da iri, da jari, gama damuwar abinci ta kan hana tsohon rauni rufewa. Yaro kuwa a gaya masa gaskiya daidai ƙarfinsa, kada a doke shi saboda fitsarin kwance. In abin ya wuce wata guda, yana hana mutum barci ko aiki, ku kai shi wurin likita. Akwai magani ta hanyar zama da wanda aka koya wa wannan aiki, akwai kuma na sha in da bukata. In kuwa kun ji ya fara zancen ya gaji da rai, kada ku jira gobe, kada ku bar shi shi kaɗai.

Kai kuma da ka ke zaune a nan kana ji, ka san da kai mu ke, ga tamu shawara. Kada ka ƙi jinin kanka saboda jikinka yana rawa. Mai gadinka ne, ya taɓa cetonka, bai dai ji an ce gari ya waye ba. In ya tashe ka da dare, ka zauna, ka sa ƙafa a ƙasa, ka ja numfashi, ka sake shi a hankali, ka faɗa wa kanka inda ka ke da ranar da a ke ciki. Ka nemi labari wurin wanda ya sani, ka bar bin jita-jita. Ka yi shirinka sau ɗaya, ka rataye shi. Ka dasa itacen nan da ka ke ta jinkiri. Fiye da duka, ka faɗa wa mutum ɗaya wanda ka amince da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba mu yi maka alkawari tsoron zai tafi gaba ɗaya ba. Amma zai iya komawa zaure, ya bar maka ɗakinka.

Abu ɗaya mu ke roƙonku kafin a watse. Kowa ya tuna da mutum ɗaya a garinsu wanda masifa ta taɓa, aka yi masa jaje kwana uku, aka bar shi. In kun koma gida, ku tafi wurinsa cikin makon nan. Ba sai kun je da dogon jawabi ba. Ku yi sallama, ku zauna, ku tambaye shi, yaya barci?